Kwano a Gidanmu, Murfi a Gidan Norris

A garinmu Burslem da ke Ingila, in ka miƙa wa mutum faranti, kafin ya ce ya gode sai ya juya shi ya duba gindinsa. Tambarin gidan tangaran da ya yi shi yake nema. Kakanninmu a kamfanonin tangaran suka ƙare, iyayenmu ma haka. Ni kaina shekara talatin da ɗaya na yi a kamfanin Marbeck ina shafa ruwan zinari a bakin kofuna da tuluna, har idona ya ce ya gaji. Kowacce a cikinmu masu zinari tana da 'yar alamar da take sawa a gindin abin da ta gama, don in aiki ya ɓaci a san wadda za a zaga. Tawa ɗigo uku ce a jere.

Mai hankali dai yakan bari ya cinye abin da ke kan farantin tukuna. Mijina Clifford ba ya cikin masu hankali. Ranar aurenmu ya juya kofi da sauran shayi a ciki, a kan siket ɗin mahaifiyata, kuma har ta mutu ba ta ƙara kiran sunansa ba, sai dai ta ce “wancan”. Da aka kwantar da shi a asibiti, tasar fitsari ma bai ƙyale ta ba. Na zauna da shi shekara arba'in da tara, kuma ina sonsa, amma ban taɓa ajiye masa miya na juya baya ba.

Babban abokin ango a auren namu shi ne Norris Podmore. Tare suka yi makaranta da Clifford, tare suka shiga aikin tanderu, tare kuma cutar tara tsohon tangaran ta kama su. Ranar Asabar duk inda aka ji ana gwanjon kayan wata tsohuwa da ta mutu, za ka same su a can suna ɗaga kofuna a hasken taga kamar masu duba ƙwai.

A irin wannan gwanjon ne, a wani tsohon gidan masu hali kusa da Leek, abin ya faru. Masu gwanjon ba su san komai ba, suka zuba kaya a kwalaye yadda suka ga dama. Clifford ya sayi kwali ɗaya, Norris ya sayi ɗaya. A motar haya kan hanyar dawowa kowa ya buɗe nasa. Clifford ya zaro kwanon miya mai hannu biyu, fari sol da furanni shuɗi, aikin da aka yi tun wajen shekarar 1815, ko tsaga babu, amma ba murfi. Norris ya zaro murfin, da ɗan zaki na zinari kwance a kansa.

“To, miƙo,” in ji Clifford. “Ai murfi shi ke bin kwano.”

“Wa ya ce? Kwanon da ba murfi ai tasar kare ce. Kai ka miƙo.”

Ko gwada ɗora shi ba su yi ba, don kowa yana tsoron in ya saki nasa ba zai dawo ba. Suka sauka a tasha ɗaya, kowa ya rungume nasa ya nufi gida. Shekara talatin da huɗu aka yi ana wannan.

Kada ku ɗauka sun daina magana. Ina ma sun daina. Kowace Lahadi ƙarfe huɗu na yamma wayarmu za ta yi ƙara, Clifford ya bari ta yi sau biyar don kar a ce jira yake, sannan ya ɗauka.

“Yaya tasar karenka?” in ji Norris.

“Lafiyarta ƙalau. Yaya hular da ba kai?”

Daga nan sai rabin awa na zagi, a tono wanda ya fasa me a tanderu tun suna samari, a tono wanda aka taɓa sayar wa kofin jabu a Hanley. In ya ajiye wayar sai ka ga fuskarsa ta yi haske, ya ci abinci har da ƙari. Ni da Enid, matar Norris, ba mu taɓa sa baki ba. Ranar Alhamis mukan haɗu a kasuwa mu sha shayi, mu yi hirar ciwon gwiwa.

Norris mugu ne, Allah ya jiƙansa. Ya ɗora murfin a tagar falonsa, zakin yana fuskantar titi, don ya san ta nan Clifford ke bi ya sayo jarida. Clifford ya canza hanya, ya yi sati biyu yana zagaye, sannan ya dawo, don bai iya kwana biyu bai ga zakin ba. Duk wannan bai ishi Norris ba. Wata rana ya zo taron ƙungiyarsu ta masu tara tsohon tangaran, wanda suke yi a zauren coci, rungume da wani ɗan tulu mai murfi, shuɗi da zinari. Ya ce wannan ya girmi kwanon Clifford, kuma irinsa uku ne kacal suka rage a duniya. Ya bari kowa ya kalla. Taɓawa kuwa ya ce ko sarauniya ce ta zo sai dai ta sa hannu a baya.

“Jabu ne,” in ji Clifford a gaban kowa. “Juya shi mu gani in kai namiji ne.”

“Ka kawo tasar kare, sai in juya maka.”

A gida kuwa Clifford ya kasa zama. Ya yi ta kai da kawowa yana cewa, “Jabu ne, na rantse. Amma shuɗin nan fa, Beryl. Da kuma zinarin. Yanzu ba mai hannun da zai iya wannan zinarin.” Na ce masa ya zauna ya ci dankalinsa kafin ya huce.

Ƙurar tanderu ce ta kama ƙirjin Norris, kamar yadda ta kama rabin mazan layinmu. Lahadin ƙarshe daga asibiti ya kira, muryarsa kamar ana goga takarda. Ina jin Clifford yana cewa, “Ka ba ni murfin nan kafin ka mutu, tsohon banza.” Ban ji amsar ba, amma ya yi dariya. Ranar Laraba Norris ya cika. Aka ƙone shi kamar yadda ya bar wasiyya, don ya ce duk rayuwarsa shi ke tura tangaran cikin wuta, adalci ne shi ma ya ɗanɗana. Lahadin da ta biyo, ƙarfe huɗu, na tarar da Clifford zaune kusa da waya yana karanta shafin jarida ɗaya har biyar da rabi.

Bayan sati biyu Enid ta aiko cewa mu zo shan shayi ranar Asabar, an karɓo tokar. Ta kuma gaya mini a kasuwa cewa za ta koma wajen 'yarta a Derby, kuma ranar Litinin wani dillali zai zo daga Landan ya kwashe kayan Norris kaf. Na dawo gida na gaya wa Clifford. In murfin nan ya shiga motar dillali, ya tafi ke nan, sai dai a ji labarinsa a Amurka.

“Saurara da kyau,” na ce masa ran Asabar ina ɗaura masa lakatayi a wuya. “Enid kaɗai za ta iya ba ka murfin nan, kuma ka san ta da son ladabi. In ka natsu, da an watse ni zan roƙe ta. Amma ba ka juya komai a gidan nan. Ko cokali.”

“Ke kin mai da ni yaro.”

“Yaro ai yana jin magana. Hannu a aljihu. Rantse.”

Ya rantse da kabarin uwarsa. Ya sa baƙin wandonsa na zuwa jana'iza, mai naɗaɗɗen baki a ƙasa, wanda ya saya tun kafin a haifi ɗanmu, da takalman da ya yi awa guda yana gogewa.

Enid ta tarbe mu a bakin ƙofa cikin baƙar riga, fuskar nan ba yabo ba fallasa. “Sannunku da zuwa. Ku shiga, Norris yana kan tebur, a cikin tulunsa. Ku je ku gaisa.”

Haka kuwa. Ga ɗan tulun nan shuɗi a tsakiyar tebur, hoton Norris a jingine da shi, burodi mai cuku a dama, kek a hagu. Shekara da shekaru ba wanda ya isa ya matso kusa da shi, yau ga shi ba mai tsaro. Taga kuma babu murfi, babu zaki. Na ga idon Clifford ya je taga, ya dawo kan tulu, ya sake komawa taga. Na taka masa ƙafa.

Mutum sha biyu ne a falon, kusan duk 'yan ƙungiya, kowa da kofin shayi a hannu da fuskar makoki, kowa kuma yana ɗaga ɗan farantin kofin a ɓoye yana leƙen gindinsa. Tsohuwa Winifred Bloor, mai shekara casa'in ba ɗaya, har da gilashin ƙara girma ta zo da shi a jaka. Baƙo ɗaya ne a cikinmu, sabon Rabaran ɗin cocinmu, mutumin kudu, wanda har yanzu yake zaton faranti abin cin abinci ne kawai.

Clifford ya yi ƙoƙari, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Ya ƙi karɓar shayi don kar a ba shi kofi. Ya tsaya a jikin bango, hannu biyu a aljihu, gumi yana tsatso masa a goshi. Na fara jin tausayinsa, na kuma fara sa rai. Sai Rabaran ya ajiye kofinsa ya ce mu rufe ido mu yi wa ɗan'uwanmu addu'a.

Kowa ya rufe. Ni na rufe ɗaya, don na san abin da na aura.

Ban ce ya yi niyya ba. Ƙafafunsa suka kai shi gaban tebur, hannuwansa suka fito daga aljihu kamar ba nasa ba. Ya ɗaga tulun a hankali, yatsa ɗaya a kan murfinsa yadda duk ɗan garinmu ya iya tun yana goye, ya karkata shi kaɗan ya leƙa. Sai na ga ya haɗe gira. Akwai wata takarda liƙe a gindin, ta rufe tambarin. Ya ƙara karkatawa. Rubutun ƙanana ne, tabaransa kuma yana aljihun ƙirji. Na buɗe baki in kira sunansa, amma Rabaran yana tsakiyar maganar ƙasa za ta koma ƙasa, toka ta koma toka. Clifford ya ɗauke yatsan nan daga kan murfi ya kai aljihu.

Murfin tulun ya faɗa kan kafet, bai fashe ba. Norris ya biyo bayansa, shuuu, kamar an kwance bakin buhun siminti. Ya sauka a kan burodi mai cuku, ya sauka a kan wandon Clifford tun daga gwiwa, ya rufe takalman nan da aka yi awa guda ana gogewa.

“Amin,” in ji Rabaran, ya buɗe ido.

Ba wanda ya motsa. Clifford yana tsaye da tulu a kife a hannu, ya yi tsuru-tsuru, 'yar ƙura tana tashi a hasken taga. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, kuma a raina na ce shi ke nan, murfin kwano ya tafi Landan, mu kuma sai mu bar garin. Winifred ce ta fara magana.

“To, tunda dai an riga an juya,” in ji ta, “na wane gida ne?”

Enid ta ɗaga hannu ta dubi agogonta. “Minti goma sha tara,” ta ce. “Norris ya ce ba za ka kai ashirin ba. Ni na ce za ka kai rabin awa, saboda Beryl tana nan. Ka ba ni kunya, Clifford.”

“Enid, wallahi ni ban...”

“Sa tabaranka ka karanta. Da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Haka ya ce.”

Ya sa tabarau. Rubutun Norris ne, karkatacce, irin na kwanakinsa na ƙarshe.

“Clifford, mai hannun ɓera. Na rasa inda zan ajiye maka saƙo in tabbata za ka gani, sai na tuna nan. Ina fata takalmanka masu kyau ka sa. Murfin yana cikin tukunyar dafa nama a kicin, je ka ɗauka, na gaji da shi. Da ka iya riƙe hannunka yau, da na ce Enid ta bai wa dillali, don da na san ba kai ba ne, wani ne ya zo da fuskarka. Ɓare takardar nan ka duba, ka gaida mini Beryl.”

“Na ce wa Norris a liƙe bakin tulun,” in ji Enid ga Rabaran, wanda ya zama fari kamar faranti. “Ya ce in na liƙe zai riƙa zuwa mini a mafarki.”

Clifford ya sa farce ya ɓare takardar. Duk 'yan ƙungiya suka matso, suna tsallake Norris a kan kafet, Winifred a gaba da gilashinta. Tambarin Marbeck ne, irin wanda muka yi ta bugawa a 1974 lokacin da kamfani ya kwaikwayi tsoffin tuluna don sayar wa 'yan yawon buɗe ido. A gefensa, da ruwan zinari, ɗigo uku a jere.

Clifford ya ɗago ya dube ni. “Beryl. Ke ce kika shafa wannan?”

“Shi da 'yan'uwansa wajen ɗari huɗu.”

“Kin sani? Duk shekarun nan ina hana kaina barci, kin sani?”

“Tun ranar da ya shigo da shi zauren coci. Norris ma ya san na sani, har ido ya kashe mini.”

“Me ya hana ki faɗa?”

“Ka tambaye ni? Kuma kai ne ka ce yanzu ba mai hannun da zai iya wannan zinarin. Shekara arba'in da tara, shi ne yabo ɗaya da ka taɓa yi wa aikina. Da wane dalili zan ɓata shi?”

Winifred ta yi dariya har sai da haƙoranta na roba suka zame. Enid ta kawo tsintsiya da abin kwasar shara, ta ce kar wanda ya kunna injin shara, Norris bai taɓa son ƙararsa ba. Aka tattara shi gwargwadon iko aka mayar cikin tulu. Burodi mai cuku ne ya zama matsala. Aka tambayi Rabaran hukuncinsa, ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce a binne a lambu. Aka binne a gindin fure, shi kuma ya sake yin wata gajeriyar addu'ar, wannan karon idonsa a buɗe.

Muka hau mota zuwa gida, murfi naɗe cikin tawul a cinyar Clifford. Da muka shiga ya sauko da kwanon daga kabad ɗin gilashi ya ajiye a teburin cin abinci, ya kwance tawul, ya ajiye murfin a gefe. Ya ja kujera ya zauna yana kallonsu. Na sa ruwan shayi, ya tafasa, na dawo, yana nan yadda na bar shi.

“Ɗora mana,” na ce.

“In bai yi daidai ba fa? Ba mu taɓa gwadawa ba, Beryl.”

“To sai ka san kun yi shekara talatin da huɗu kuna haukan banza, abin da kowa ya sani sai ku. Cire takalman nan, kana zuba mini mutum a kafet.”

Ya sunkuya zai kwance igiya, sai ya tsaya. Naɗin bakin wandonsa, ƙafa biyun, cike yake da toka, ta kai cokali uku ko huɗu. Na ɗauko jarida na shimfiɗa, na ce ya kakkaɓe a kai, gobe in mayar wa Enid a ambulan. Bai ko dube ni ba. Ya sauko da kwanon ƙasa, kwanon da ko ni ba ya bari in goge, ya ɗaga ƙafa ɗaya a kansa yana dafe da tebur, ya warware naɗin a hankali. Ya yi wa ɗaya ƙafar haka. Ya bi da yatsa ya share abin da ya maƙale a ɗinki, har da na kan takalma. Sannan ya mai da kwanon kan tebur, ya kama zakin da hannu biyu, ya ɗora.

Ya zauna daram, da wata 'yar ƙara siririya, furen murfi ya haɗu da furen kwano ba ko karkata.

“Ka gani, tsohon banza?” in ji Clifford. “Na gaya maka murfi ke bin kwano.”

Ya ɗan jira, kamar yadda yakan jira a waya. Da ba a amsa ba sai ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba a coci, bai yi ba a wajen ƙonawa. Ni ma na yi. Na yi kewar mugun nan, kuma na ji tsoron Lahadi mai zuwa da duk waɗanda za su biyo ta.

Da na gaya wa Enid, cewa ta yi a bar shi a can, dama ya fi son gidanmu, ita ta huta. Yanzu kwanon yana kan tebur a falo, kusa da waya. Lahadi ƙarfe huɗu nakan shiga kicin in ja ƙofa, in bar su. Ina jiyo muryar Clifford yana tono maganar kofin jabu na Hanley, yana kuma cin nasara a kowace gardama, abin da ya ce ya rage wa hirar daɗi.

Labari ya kai wa dillalin nan na Landan, watan jiya ya zo har gida cikin kwat mai tsada. Ya zagaya kwanon sau biyu yana haɗiyar yawu. Ya ce zai so ya ga tambari, ya miƙa hannu. Clifford, mutumin da bai taɓa barin ko tasar asibiti a zaune ba, ya make masa hannu kamar yaro ya taɓa wuta.

“Wannan ba a juya shi,” ya ce. “Mai rabinsa yana ciki.”